Ɗan Sabo a Bisa Sikeli

Ranar wata Juma'a cikin watan Agusta na shekarar 2025, bayan an sauko daga masallaci, ruwan sama ya tsare mu a rumfar wani dattijo mai sayar da goro a unguwar Sabo. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Yarabawa ya san cewa idan kewar gida ta kama Bahaushe, to Sabo yake dosa. Can ne zai ci tuwo da miyar kuka, can zai ji yadda damina take a Arewa daga bakin direbobin da suka sauka da asuba, can ne kuma zai saki harshensa ba tare da ya tsaya laluben kalma ba. Mu ma tun da aikin koyarwa ya kawo mu wannan jami'a, yau shekara goma sha ɗaya ke nan, da wuya Juma'a ta riske mu a wani wuri in ba can ba. Shi wannan dattijo, wanda za mu kira Alhaji kurum domin sakaya sunansa, ya daɗe da mayar da mu tamkar ƙanensa, har ta kai 'ya'yansa ba su kiranmu da komai sai Kawu.

A ranar, maimakon hirar da muka saba, sai muka ga ya sa hannu ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai, ya jawo wata jakar leda, ya warware ta a hankali kamar mai kwance huhu. Takardu biyu ne a ciki. Ya miƙo mana su da hannu bibbiyu, ya ce, "Malam, ga takardun ɗanka. Ka duba mana su da idon sani, ka gaya mini gaskiya komai ɗacinta. Yaron nan zai samu, ko ba zai samu ba?" Yaron kuwa yana tsugune a bakin rumfa, kansa a sunkuye, feshin ruwa na dukan kafaɗarsa, amma bai ko gusa ba.

Takarda ta farko ta sakamakon jarrabawar JAMB ce, maki 232 daga cikin 400. Ta biyu kuwa ta WAEC ce, wadda ba ta daɗe da fitowa ba: A1 a Nazarin Addinin Musulunci, B2 a darasin Gwamnati, B3 a Yarabanci, C4 a Tattalin Arziki, C5 a Adabin Turanci, sannan C6 a Turanci da C6 a Lissafi. Kiredit bakwai ke nan a zama ɗaya. Shekarun yaron goma sha bakwai, wato ya haye shekara goma sha shida da aka gindaya wa mai neman shiga jami'a. Burinsa ya zama lauya. Lokacin da ya cike fom ya zaɓi wata babbar jami'ar tarayya, to amma abokansa sun riga sun sage masa gwiwa, sun ce da wannan maki ko ƙofar tsangayar Shari'a ba zai leƙa ba. Shi kuma Alhaji ya ji a bakin mutane cewa jami'o'in jihohi sun fi sauƙin shiga, kuma akwai damar sauya zaɓi kafin a rufe. Abin da ya sa aka tsare mu da tambaya ke nan.

Sanin kowa ne cewa a idon jama'a duk wanda aka ce yana koyarwa a jami'a, to mabuɗin jami'ar yana aljihunsa. Ba su san cewa malamin adabi, wanda ofishinsa bai fi ɗakin ajiyar tsintsiya girma ba, ba ya ganin jerin sunayen sababbin ɗalibai sai ranar da su ma suka gani. Abin da kawai muke da shi shi ne mun daɗe muna kallon yadda ake awon nan, har mun fahimci duwatsun da ake ɗorawa a kan sikelin. Saboda haka muka roƙi aron bayan wani kwali da biro, muka ce wa Alhaji ya ba mu hankalinsa.

Muka fara da abin da zai faranta masa rai, domin gaskiya ne. A jarrabawar JAMB ta 2025, cikin ɗalibai wajen miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Ita ce shekarar da aka sami tangarɗar na'ura, har aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya nemi gafara. Mafi ƙarancin makin da aka amince a ɗauki ɗalibi da shi a jami'a a wannan shekara kuwa 150 ne. Ke nan yaron da ya kawo 232 ba abin rainawa ba ne. Alhaji ya yi murmushi, ya dubi ɗansa, ya ce, "Ashe dai marsa ne."

Nan muka ga hanyar da za mu bi mu fahimtar da shi sauran. Muka tambaye shi, idan ya gama tsince goro, ya ware marsa gefe guda, ya ware minu gefe guda, sannan wani attajiri ya aiko yana son ƙwarya ɗaya tak ta goron ɗaurin aure, daga ina zai zaɓa? Ya ce daga cikin marsa mana, kuma ko a cikin marsan sai ya sake tsincewa. Muka ce to haka tsangayar Shari'a take. Maki 150 ɗin nan izinin tsayawa a layi ne kawai. Kowace jami'a tana da nata layin, kowane fanni kuma yana da nasa, wanda ɗalibai ke kira katof. Fannin Shari'a kuwa, kamar na Likita, ba jami'a kaɗai ke yanke yawan ɗaliban da za ta ɗauka ba. Akwai majalisar da ke kula da koyar da aikin lauya a ƙasa, ita ke ƙayyade wa kowace tsangaya adadinta. Saboda haka komai yawan masu nema, guraben ba su ƙaruwa, kuma kusan duk wanda ya nemi wurin shi ma marsa ne.

Bugu da ƙari, makin JAMB ba shi kaɗai ake dubawa ba. Tun daga 2005 jami'o'i suka fara yin tasu tantancewar. Wasu kan raba makin JAMB gida takwas domin ya zama rabin awo, wato 232 ya koma 29 cikin 50. Ɗaya rabin kuma ko dai a samo shi daga wata jarrabawar da jami'ar za ta yi, ko kuwa daga darajar kiredit ɗin WAEC ko NECO, inda A1 ke da nauyi, C6 kuwa da ƙyar take motsa sikeli. Muka ɗora biro a kan C6 ta Turanci da C5 ta Adabi, darussa biyun da fannin Shari'a ya fi damuwa da su, muka yi shiru. A matsayinmu na malamin adabi wannan C5 ta fi komai sosa mana rai, domin mun san yaron, mun san yana da kai. Daga baya ne ya gaya mana cewa a shekararsu ta ƙarshe littafi ɗaya suka yi ta karɓa-karɓa su tara.

Har zuwa nan maganar ba ta fi ƙarfin Alhaji ba, domin magana ce ta ƙoƙari da sakamakonsa, kuma ɗan kasuwa ya san wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne dutse na biyu, wanda ba yaro ke ɗora shi a kan sikeli ba.

Jami'o'in tarayya suna da tsarin rabon gurabe da aka daɗe ana bi: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ce an bar su a baya wajen ilimin zamani. Jami'o'in jihohi kuwa labarinsu daban ne. Tsarin mulkin 1979 ne ya buɗe wa jihohi ƙofar kafa nasu, jihar Ribas ta kafa tata a 1980, Ogun a 1982, Legas a 1983. Jihohinmu na Arewa sun makara ƙwarai, domin Kaduna da Gombe sai a 2004 suka kafa nasu, Katsina kuwa a 2006. Dalilin kafa su bai ɓuya ba: kowace jiha ta ga 'ya'yanta suna komawa gida hannu rabbana daga jami'o'in tarayya, sai ta ɗebi kuɗinta ta gina musu tasu. Don haka mafi yawan guraben na 'yan asalin jiha ne, sau da yawa ma akan bi ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya domin kowace ta sami rabonta, baƙo kuwa sai abin da ya rage, kuma a jami'o'i da dama kuɗin makarantarsa ya fi na ɗan gida. Ba mu ga laifin wannan ba a kan kansa. Wanda ya dafa tuwo a gidansa, 'ya'yansa zai fara zuba wa. Sauƙin da Alhaji ya ji ana faɗa gaskiya ne, amma sauƙi ne ga ɗan gida.

Sai muka yi tambayar da muka daɗe muna kewayawa: yaron nan ɗan wace jiha ne?

Alhaji ya yi dariya, ya ce, "Malam, wace irin tambaya ce wannan? Bakatsine ne mana." Muka ce, yana da takarda? Dariyar ta tsaya.

Mahaifin Alhaji ya baro wani ƙauye na ƙasar Katsina cikin shekarun 1950, ya biyo jirgin ƙasa ya gangaro Kudu fataucin goro, kamar yadda dubban Hausawa suka yi kafinsa, waɗanda suka raya unguwannin Sabo a Ibadan da Shagamu da sauran garuruwa. Sabon Ibadan ma tun 1916 aka kafa ta. Lokacin da tsohon ya baro gida, ƙauyensu yana cikin Lardin Katsina ne. A 1967 ya faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka ce Jihar Kaduna, a 1987 kuma aka yanke Jihar Katsina. Duk wannan sauye-sauye yana nan Sabo yana jiƙa ganye yana ɗaure huhu, a nan ya haifi Alhaji, a nan aka binne shi. Alhaji a nan ya yi aure, a nan yake biyan haraji da kuɗin rumfa, a nan yake jefa ƙuri'a. Ɗansa kuwa bai taɓa tsallake kogin Kwara ba, kuma B3 ɗin da ya ci a Yarabanci ta fi ta 'ya'yan Yarabawa da yawa a ajinsu.

Amma a Nijeriya wurin haihuwa ba ya mayar da mutum ɗan asali. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 42, ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin da ya fito. To, amma shi wannan tsarin mulki, a sashe na 318, da ya zo bayyana wane ne ɗan jiha, sai ya jingina abin ga iyaye da kakanni, wato sai ɗayansu ya fito daga al'ummar da take 'yar asalin wannan jiha. Bai kuwa faɗi shekara nawa al'umma za ta yi a wuri kafin ta zama 'yar asali ba. Wannan giɓi shi ne aka bar wa ƙananan hukumomi su cike, da takardar nan da kowa ke kira indijin. Akwai wuraren da akan sassauta wa waɗanda suka daɗe, akwai kuma inda ba a ko sauraren maganar. Alhaji ya ce shekarun baya ya taɓa nema wa babban ɗansa a nan, ya je da wasiƙar Sarkin Hausawa da rasiɗan haraji na shekara da shekaru. Ma'aikacin da ya tarar ya karɓe shi da fara'a, ya ba shi kujera, suka gaisa da Yarabanci, sa'an nan ya ce masa, "Baba, ai wannan a garinku ake bayarwa." Babban ɗan nasa yanzu yana tuƙa babur.

Garin nasu kuwa, rabon Alhaji da shi shekara ashirin da biyu, tun rasuwar wani baffansa. Gidan mahaifinsa ya zama kango. Bai san mai unguwa ba, bai san dagacin yanzu ba, kuma bai tabbata akwai wanda zai tuna da sunan mahaifinsa ba in ban da wata gwaggonsa, in tana da rai. Ga shi a fom ɗin JAMB yaron ya rubuta Katsina, kamar yadda aka gaya masa tun yana ƙarami. Mai karatu ya dubi wannan lamari da kyau. Da a ce takardar nan tana hannu, da yaron ya zama ɗan gida a jami'ar jihar kakansa, kuma ko a jami'o'in tarayya da ya shiga rabon kashi 20 ɗin nan, domin Katsina tana cikin jihohin da aka ware wa. Ba tare da ita ba kuwa, baƙo ne a inda aka yanke masa cibiya, baƙo ne a inda aka yanke wa kakansa. Jemage ke nan, tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, dabbobi sun ce ba su san shi ba.

A nan ne kunya ta kama mu. Mu da muke ta bayani da biro a hannu, ranar da muka nemi tamu takardar, cikin 1999, hantsi ɗaya muka yi. Dagacinmu abokin mahaifinmu ne, ko sunanmu bai tambaya ba ya buga hatimi. Shekara ashirin da shida ba mu taɓa lissafa wannan hantsi cikin abubuwan da suka kai mu inda muke ba. Kullum in muna ba ɗalibai labarin kanmu, fitilar ƙwai da karatun dare muke ambata.

Da ruwa ya tsagaita, Alhaji ya sallami yaron ya je ya kawo mana shayi. Yana ba da baya sai ya matso, ya rage murya, ya ce, "Malam, ba ka da kowa a can? An ce akwai hanya." Ya kuma ce wani ya yi masa tayin takardar indijin ta wata ƙaramar hukuma, ba sai ya je ko'ina ba, kuɗi kawai zai bayar. Ba za mu yi wa mai karatu ƙaryar cewa babu alfarma a jami'o'inmu ba. Wanda ya ce babu, bai zauna a cikinsu ba. Sai dai tun da JAMB ta shigo da tsarin CAPS a 2017, duk gurbin da bai bi ta cikinsa ba hukumar ba ta san da shi ba, kuma mun ga ɗalibai da idonmu waɗanda suka kammala karatu sannan aka ce sunansu ba ya cikin rajista, tafiya hidimar ƙasa ta gagara. Game da takardar saye kuwa, muka ce masa ya tuna aikin da yaron yake nema. Wanda zai tsaya gaban alƙali ya kare gaskiya, ba a fara gina shi a kan takardar jabu, wadda kowace rana wani zai iya tonowa. Alhaji ya daɗe yana juya goro a hannunsa, sa'an nan ya ce, "Haka ne." Ba mu sani ba ko hujjarmu ce ta ratsa shi, ko kuwa dama neman wanda zai hana shi yake yi.

Akwai kuma wata jarraba da ta taso daga ɓangarenmu, kuma saboda ita ne muka ga ya dace mu kawo wannan labari a wannan mujalla. Muna zaune sai zuciya ta ce mana, me zai hana ka ce ya zo ya karanta Hausa? Ga ɗan rukuninmu kullum muna kukan ƙarancin ɗalibai, ga yaro mai kai, ga maki da ya isa har ya yi yawa. Ɗalibanmu da ke karanta wannan sun san abin da muke nufi, domin in za a faɗi gaskiya, da yawa daga cikinku ba Hausa kuka nema ba. Mu ma ba ita muka nema ba. Lauya muka so zama, kamar ɗan Alhaji. Mun rubuta JAMB da fensir, muka yi ta sintiri zuwa allon sanarwa, ranar da sunanmu ya fito kuwa a ƙarƙashin Hausa muka gan shi. Da muka kai labari gida, wani kawunmu ya ce, "Hausar me kuma za a koya maka, wadda ka tsotsa a nono?" Mun yi shekara guda muna ɓoye littattafanmu a cikin jaka. Sai a aji biyu, da wani malami ya warware mana awon waƙa a kan allo, muka ga cewa abin da makafi ke rerawa a ƙofar gidanmu yana da lissafi kamar ginin soro, sannan muka daina jin kunya. Yau ba mu da nadama ko kaɗan. Amma rashin nadamarmu ba hujja ba ce ta mu jawo ɗan wani cikin abin da bai nema ba don mu cike kujerun ajinmu.

Hasali ma ko da mun so, ƙofar ba a buɗe take ba kamar yadda muka zata. Yawancin sassan Hausa kan nemi kiredit a Hausa, shi kuwa makarantarsu ba ta da malamin Hausa, bai taɓa zama ajinta ba. Bahaushe ɗan Bahaushe, amma a takarda Yarabanci ya iya.

Da yaron ya dawo da shayi, muka juya kwalin muka faɗa musu abin da muka gani, tare da cewa gaibu sai Allah. Shari'a a jami'ar jihar da aka haife shi, a matsayin baƙo, da 232 da C6 a Turanci, kada su sa rai. Shari'a a jami'ar jihar kakansa ba tare da takarda ba, duk kanwar ja ce. In an sami takarda kuwa, to ya shiga layin 'yan gida, yana iya samu yana iya rasawa, ya danganta da irin marsan da suka taru a bana. Idan kuma zai yarda da wani fanni da darussansa suka dace da shi, kamar Tarihi ko Nazarin Addinin Musulunci, to a nan muna da kyakkyawan zato ƙwarai. In kuwa Shari'ar ce ko ba komai, akwai sake zama baɗi, akwai kuma shirin IJMB da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wanda kan kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, sai dai shi ma kuɗi ne da shekara guda. Maganar kuɗi ba mu daɗe a kanta ba, domin Alhaji ya ɗaga hannu ya ce wannan nasa ne. Mun dai ambata masa asusun ba ɗalibai rance da aka kafa a 2024. Abu guda muka nanata: duk wadda za a bi, takardar nan ce farko, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ran Litinin Alhaji ya bar wa yaran shago rumfa, ya kama hannun ɗansa suka hau motar dare. Mahaifiyar yaron ba ta so ba, saboda labarin hanya da ake ji, kuma ba mu ga laifinta ba. Mu kanmu kwanakin nan ba mu yi barcin kirki ba, domin da bakinmu aka yi tafiyar. Kwana tara suka yi.

Yadda Alhaji ya ba mu labari, sun tarar da gwaggon tana da rai, idonta ya tafi amma hankalinta garau. Da ya faɗi sunansa ba ta gane shi ba, sai da ya ambaci laƙabin da ake kiran mahaifinsa da shi yana yaro, sannan ta fashe da kuka, ta ce a miƙo mata yaron ta shafa kansa. Ita ce ta sa aka kai ta gaban mai unguwa a bayan babur, ta lissafa kakanni huɗu da gonakin da suka noma da wanda ya karɓi aron kowace. Daga mai unguwa sai dagaci, daga dagaci sai hakimi, wanda suka jira kwana uku domin ya yi tafiya, daga nan sai sakatariya. Alhaji ya ce da tsohuwar nan ta riga su da wata guda, da shi ke nan, an rufe littafin gidansu.

Shi kuwa yaron da ya zo ofishinmu da takardar, an riga an lulluɓe ta da roba, bai nuna murnar da muka zata ba. Muka tambaye shi yadda ya ga gida. Ya ce, "Kawu, in na yi magana dariya suke yi. Bayarabe suke ce mini." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa, "A makarantarmu kuma Aboki ake kirana." Ba mu sami abin ce masa ba. Muka tashi muka raka shi cibiyar JAMB ya sauya zaɓinsa zuwa jami'ar jihar kakansa, ya bar Shari'a a matsayin fannin da yake nema, domin ya ce yana so ya gwada. Da za mu rabu ya tsaya gaban kantar littattafanmu, ya roƙi aron ɗaya daga cikin littattafan Abubakar Imam. Bayan mako guda ya dawo yana tambayar mene ne amfanin ƙugiyar da ake sa wa wasu haruffa, domin shi duk ɗaya yake karanta su. Muka zaunar da shi, muka rubuta masa ƙafa da kafa, ɓata da bata, ɗaki da daki, ya yi ta maimaitawa yana dariyar kansa.

Jerin farko ya fito babu sunansa. Juma'a uku a jere Alhaji yana ba mu goro ba ya tambayarmu komai, mu ma ba mu tayar da maganar ba. Ana nan sai wata Laraba da yamma suka zo ofis su biyu, abin da Alhaji bai taɓa yi ba, yana riƙe da waya kamar mai riƙe da garwashi. Shari'a ba ta samu ba, amma an yi wa yaron tayin Tarihi, sai ya amince ko ya ƙi. Alhaji ya zauna a kan kujerar ɗalibai, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Malam, wannan kuma marsa ne ko minu?" Muka buɗe baki za mu fara dogon bayani irin namu na malamai, sai yaron ya ce, "Baba, ba ni wayar." Ya karɓa, ya karanta saƙon tun daga farko har ƙarshe, sau biyu, leɓunansa na motsi, sa'an nan ya danna amincewa.

Ranar tafiyarsa mun je tasha. Ban da akwati da katifa da buhun garin rogo da mahaifiyarsa ta haɗa masa, Alhaji ya kawo wani ɗan ƙaramin huhu da ya ɗaure da hannunsa tun da asuba, ƙwarya biyu na farin goro, ya ce ɗaya ta gwaggo ce, ɗaya ta mai unguwa, kuma ya riƙa yayyafa wa ganyen ruwa a hanya kada iskar Arewa ta busar da shi.